Gida a Manchesta, Gonaki a Ƙasar Gumel: Yadda Muka Rubuta Wasiyyar Baffa

Baffana, wan mahaifina, ya bar ƙauyenmu tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, ya tafi Ingila karatu, daga karatu ya zarce da aiki, kuma bai dawo da zama ba sai da ya yi ritaya, shekaru da yawa bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. Da ya dawo ya gina gidan bulo a bakin gari, ya karɓi gonakin da ya gada daga kakanmu, ya sayi shanu ya ba wani Bafulatani kiwo, sannan bayan damina biyu ya yi amarya daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, wadda a yanzu take da 'ya'ya biyu ƙanana. Uwargidansa, wadda muke kira Hajiya, ba ta biyo shi ba. Bahaushiya ce 'yar zangon Kumasi, ta yi aikin jinya a Ingila har ita ma ta ajiye, kuma 'ya'yanta uku da jikokinta da likitocin da suka san ciwonta duk suna Manchesta. Ba su rabu ba, ba su yi faɗa ba. Yakan je ya yi wata biyu ko uku a wurinta, kuma kusan kowane dare suna waya bayan sallar isha'i.

A daminar da ta wuce ciwo ya kwantar da shi har muka kai shi asibiti a Gumel, kuma da yake ni ne malamin makaranta a gidan, wayarsa ta dawo hannuna. A dare na uku Hajiya ta kira, ta tambayi jiki, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, ina so in tambaye ka wani abu, kada ka ɗauka fata nake yi masa. Idan ta Allah ta kasance a nan wurinku, da wace takarda zan je banki, kuma gidan nan da nake ciki na waye?" Na ba ta haƙuri na ce Baffa zai tashi, kuma cikin ikon Allah ya tashi. Tambayarta dai ban iya amsa ta ba.

Da ya warware na same shi a zaure bayan la'asar na kawo maganar a hankali, domin a wurinmu yi wa dattijo zancen gado yana raye abu ne mai nauyi a baki. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, Allah Ya riga Ya raba gado a cikin Suratun Nisa'i, ni wane ne da zan ɗauki biro in sake rabawa?" Ban yi masa musu ba, domin gaskiya ya faɗa. Washegari na roƙi limamin garinmu, wanda ya girmi Baffa kuma Baffa yake jin nauyinsa, ya zo ya duba shi. Malam ya kawo masa hadisin Abdullahi ɗan Umar wanda yake nuna cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa, sannan ya ce masa rabon da Allah Ya yi yana nan daram, amma alƙalin da zai aiwatar da shi hannunsa yana da iyakar inda yake kaiwa. Alƙalin kotun shari'a ta ƙasarmu zai iya zuwa gona ya sa a auna, zai iya sa a ƙirga shanu, amma ba shi da ikon da zai aika wa ofishin rajistar filaye na Ingila umarni.

Wannan ita ce gaɓar da duk maganar ta rataya a kanta, kuma ita lauyar da babban ɗan Hajiya ya samo a can ta fara yi mana bayani a kanta ta waya, ina fassara wa Malam. A tsarin shari'ar Ingila, dukiyar da ba ta motsi, wato gida da fili, dokar ƙasar da take zaune a cikinta ita ce take hukunta gadonta, alhali dukiyar da take motsi, kamar kuɗin banki, tana bin dokar ƙasar da mamaci ya ɗauka mazauninsa na dindindin lokacin rasuwarsa. Ke nan ko da kowa ya yarda Baffa ya dawo gida ke nan har abada, gidan Manchesta yana ƙarƙashin dokar Ingila, kuma idan ya rasu bai bar wasiyya ba, dokarsu ta wanda ya mutu babu wasiyya ita za ta raba shi. Wannan doka ta Ingila da Wales tana ba matar mamaci kayan amfaninsa na yau da kullum, da fam 322,000 na farko bisa adadin da aka tsayar tun watan Yuli na 2023, da rabin abin da ya saura, sannan 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida, ba tare da bambanta namiji da mace ba.

Da Baffa ya ji haka sai ya ce to ai Hajiya ta tsira, ya rage a yi wa yaran nan ƙanana adalci. Sai lauyar ta tambaye shi inda aka ɗaura aurensa da Hajiya. Ya ce a masallaci a Manchesta, da waliyyi da shaidu da sadaki, babu abin da ya ragu. Ta ce sun je ofishin rajistar aure daga baya, ko masallacin yana da rajistar ɗaura aure a hukumance kuma an cika sharuɗɗanta? Ya ce ba su ga bukata ba a lokacin. Nan ne zaure ya yi tsit. Ta bayyana mana cewa auren da aka ɗaura a cikin Ingila ba tare da bin ƙa'idojin dokar aurensu ba, kotunansu ba sa ɗaukarsa aure, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar ta tabbatar da haka a watan Fabrairu na 2020 a wata shari'a da ta shafi auren Musulunci irin wannan. Wanda kuwa aka ɗaura a wata ƙasa bisa dokar wannan ƙasar, galibi suna karɓarsa. Abin da wannan yake nufi ga gidanmu shi ne, a idon dokar Ingila, matar Baffa ita ce amaryar da ke nan ƙauye wadda ko Kano ba ta cika zuwa ba, ita kuwa Hajiya, da ta shekara fiye da talatin a cikin gidan nan ta haifi 'ya'yanta a cikinsa, abokiyar zama ce kawai wadda dokar rashin wasiyya ba ta ba ta ko anini. Gidan kuma da sunan Baffa shi kaɗai aka yi masa rajista.

Na tambaya ko ba za ta iya kai ƙara ta nemi a ba ta wani abu ba, domin na ji ana cewa suna da irin wannan hanya. Lauyar ta ce akwai dokar 1975 da take ba iyali da waɗanda mamaci yake ɗauke da nauyinsu damar neman kaso, amma tana aiki ne idan mamacin ya rasu Ingila ko Wales ne mazauninsa na dindindin, kuma mutumin da ya tattara ya koma ƙauyensu ya gina gida ya yi aure ya ce nan za a binne shi, da wuya a ce haka yake. Ga kuma haraji. Suna karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000 daga dukiyar mamaci, sai dai abin da ya bar wa matarsa ta aure, wanda galibi ake yafe masa, kuma Hajiya ba ta cikin wannan rangwame. Tun daga Afrilu na 2025 ma sun mayar da ma'aunin kan yawan shekarun da mutum ya zauna a ƙasar, ta yadda wanda ya daɗe a can harajin zai iya bin dukiyarsa ta ko'ina na tsawon shekara uku zuwa goma bayan ya baro, saboda haka ta bukaci ainihin ranar da Baffa ya taso da kuma kiyasin darajar gonakinsa da shanunsa. Baffa ya yi dariyar takaici ya ce ashe har bajimin da ke rugar Fulani sai an ba da labarinsa a Ingila.

A nan na yi zaton magani mai sauƙi ne: a rubuta wasiyya a can a ce a raba gidan bisa shari'ar Musulunci, tun da dokar Ingila ta bar wa mutum 'yancin ya ba da dukiyarsa yadda ya so. Malam ne ya nuna mini inda lissafina ya gaza. Matan mamacin da ya bar 'ya'ya tumuni suke tarayya a kai, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma idan su biyu ne kowace ta tashi da kashi ɗaya cikin goma sha shida. Idan aka ɗauki gidan Manchesta gaba ɗaya a matsayin tarikar Baffa, wato dukiyar da zai bari, aka raba shi haka, sai an sayar da shi kafin marayun da ke ƙauye su sami haƙƙinsu, kuma tsohuwa mai ciwon ƙafa ta fita neman ɗakin haya da kason da bai taka kara ya karya ba. Ba kuma za a ce ya yi mata wasiyya da gidan ba, domin babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada, kuma yara ƙanana ba su da yardar da za su bayar, babu kuma mai ikon yafe haƙƙinsu a madadinsu.

Sai Malam ya juya ya tambayi Baffa, "Alhaji, tsakaninka da Allah, da kuɗin wa aka biya gidan nan?" Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, albashinmu biyu muka haɗa muka biya banki, shekara da shekaru, kuma akwai lokacin da na rasa aiki ita kaɗai ta riƙe biyan." Malam ya ce to ai an gama, domin abin da ake rabawa gado shi ne abin da mamaci ya mallaka, kuma abin da ta biya da guminta mallakarta ne tun yana raye, sunan da ke kan takarda bai mayar da shi nasa ba. Idan aka bar shi a haka har ya rasu, magadansa za su ci haƙƙinta ba su sani ba, shi kuma ya je ya tarar da bashin. A ganina wannan ita ce magana mafi muhimmanci da aka yi a zauren nan, kuma na lura yawancin mutanenmu da suka yi zaman waje da iyali suna tsallake ta, suna ta muhawara a kan tumuni da sulusi alhali ba su fara ware abin da yake na matar ba.

Game da ragowar kason Baffa a gidan, Malam ya ce yana da damar ya yi kyauta da abin da ya ga dama yana cikin ƙoshin lafiya, da sharaɗin wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, abin da malamai suke kira hauzi, kafin mai kyautar ya rasu ko ciwon ajali ya kama shi, kuma kada niyyarsa ta zama ta hana wani magaji. Ya ƙara da wata mas'ala ta mazhabar Malikiyya da ban taɓa ji ba, cewa kyautar da miji ya yi wa matarsa ta gidan da suke zaune tare a ciki ba ta tabbata muddin yana ci gaba da zama a cikinsa, amma tun da Baffa ya baro gidan ya tare a nan, hanyar ta fi sauƙi. Lauyar kuma ta ce ta fuskarsu kyauta ga wanda ba matar aure ba tana fita daga lissafin harajin gado ne idan mai kyautar ya rayu shekara bakwai bayanta bai kuma ci gaba da cin moriyar abin ba, don haka sai ta duba yadda zuwan da yake yi duk shekara zai shafi lamarin. Ta kuma ja hankalinmu kan nau'i biyu na tarayya a gida a dokarsu: akwai wanda idan ɗaya ya rasu ɗayan yake ɗauke gidan gaba ɗaya ba tare da ya shiga wasiyya ba, akwai kuma wanda kowa yake da kasonsa sananne da zai shiga tarikarsa. Bayan kwana da kwanaki ana shawara, Baffa ya zaɓi na biyun: a sa sunan Hajiya da kason da ya dace da abin da ta biya, ya ƙara mata wani abu kyauta, ragowar ya zauna a matsayin nasa, kuma manyan 'ya'yanta suka yi alkawarin idan lokaci ya yi za su sayi kason ƙannensu da na amarya da kuɗi don kada a taɓa gidan.

Kafin a sa hannu a komai na nace a kira amarya da mahaifinta a gaya musu, ko da yake wasu daga cikin iyayena sun ga babu dalili. Dalilina shi ne maganar da aka ɓoye wa mace yau ita ce take zama ƙara a kotu gobe, kuma a ƙauye babu abin da yake ɓuya. Da aka yi mata bayani a tsakar gida, ta ce ita ba ta taɓa sa rai da gidan da ba ta taɓa gani ba, amma tana so a rubuta cewa tumaki shida da ke garke da keken ɗinki nata ne, da kuɗin adashenta ta saya. Aka rubuta. Mahaifinta kuma ya tuna mana cewa akwai ragowar sadakinta da ba a cika ba, Baffa ya biya a ranar, domin da an bar shi da ya zama bashin da za a fitar kafin wasiyya da gado.

Wasiyya biyu aka yi, ɗaya ta dukiyar Ingila, ɗaya ta dukiyar Najeriya, kuma kowace ta faɗi iyakarta a sarari. Lauyoyin biyu, ta can da na Kano, sun yi ta nanata wannan, saboda al'adar rubutun wasiyya ce a fara da cewa an soke duk wata wasiyya da ta gabata, kuma idan ba a kula ba ta biyun sai ta kashe ta farkon. Ta Ingila an aiko da ita Baffa ya sa hannu a nan zaure gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci guda, kamar yadda dokarsu ta 1837 ta shar'anta, kuma aka kiyaye kada shaidar ya zama wanda zai amfana ko mijin ko matar wanda zai amfana, domin hakan yana zubar da kasonsa; shugaban makarantarmu da mai shagon magani na gari suka tsaya. A ta Najeriya lauyan ya sa aka rubuta ƙarara cewa Baffa Musulmi ne kuma yana so a raba tarikarsa bisa mazhabar Malikiyya, ya ce ba ya son a bar ƙofar jayayya, tun da Kotun Ƙoli ta Najeriya ta taɓa tabbatar da wasiyyar wani Musulmi a 1971 wadda aka rubuta bisa dokar Ingila kuma ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga sulusinsa Baffa ya yi wasiyyar a haƙa rijiya a unguwar yamma, ya kuma ware wa wani yaro da ya riƙa wanda ba magajinsa ba ne. Ya naɗa babban ɗan Hajiya wasiyyi a can, ni da ƙaninsa a nan.

Wani abokin Baffa da suka yi zaman Ingila tare, wanda matarsa Kirista ce tana can, ya ji labari ya zo ya tambayi Malam nasa matsayin. Amsar ta bambanta, domin saɓanin addini yana hana gado, amma tun da ita ba magajiya ba ce, ya halatta ya yi mata wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, ban da abin da yake nata tun asali.

Sauran aikin na takardu ne, kuma shi ya fi cin rai. A garinmu mutum yakan rasu da hantsi a binne shi kafin la'asar, babu likita babu takarda, alhali bankin Ingila da ofishin fansho ba za su saurari kowa ba sai da shaidar mutuwa, wadda a nan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take bayarwa. Na rubuta wa kaina a littafi cewa wannan shi ne abin da zan fara nema bayan sadakar uku. Bankunanmu na gida ma ba sa sakin kuɗin mamaci don kawai an rubuta sunan mutum a matsayin makusanci lokacin buɗe asusu. Wannan sunan na wanda za a tuntuɓa ne, bai sa shi ya zama magaji ba, kuma galibi sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Na kuma gaya wa Baffa a gaban ƙannensa cewa katin cirar kuɗinsa da nake riƙewa wakilci ne, wakilci kuwa yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta, don haka kada wani ya zo ranar makoki ya ce in ciro kuɗin shinkafar baƙi daga abin da ya riga ya zama na marayu. Fanshonsa na gwamnatin Birtaniya, wanda ba a yi masa ƙarin shekara-shekara tun da ya dawo, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da ake daskarar da shi, dole a sanar da su a tsayar da shi. Na wurin aikinsa kuma yana da takardar da ake rubuta wanda ake so ya amfana, muka tarar bai taɓa sabunta ta ba tun yana saurayi, sunan kakarmu da ta daɗe da rasuwa ne a kai.

Gonakin su ne ba mu gama da su ba har yanzu. 'Ya'yan Hajiya uku magada ne a cikinsu kamar yadda yaran amarya suke magada a Manchesta, amma babu ɗayansu da zai iya nuna iyakar gona ɗaya, kuma biyu daga cikin gonakin suna hannun dangi da sunan aro tun Baffa yana waje, har 'ya'yan masu aron sun tashi suna ce musu gonar babanmu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon fili a karkara, amma kafin a kai ga wannan sai an daidaita a gida. Bayan an cire gero muka fita da dagaci da mai unguwa da dattawa uku da suka san kakanmu, Baffa yana tafe da sanda, ina rubutawa ina kuma ɗaukar hoto da waya ina tura wa ɗan Hajiya: daga gawon nan zuwa kukar can, daga layin gamba zuwa tsohuwar rijiya. Gona huɗu an yarda a kansu an sa hannu. Ta biyar, wadda take bakin fadama, wanda yake nomanta ya ce mahaifinsa ya ba Baffa kuɗin jirgi a kanta jingina lokacin tafiyarsa ta farko, Baffa ya ce ya biya da daɗewa, kuma duk waɗanda suka shaida sun rasu. Dagaci ya ɗage maganar zuwa bayan an gama sussukar dawa, ya ce kowa ya je ya bincika akwatin mahaifinsa ko za a dace da wata takarda.